Hawan Jinin Huhu: Yadda Za Ku Gane Alamunsa a Gida

Kusan kowa ya san hawan jini yanzu. Ko a ƙauye, in an ce wane yana da hawan jini, an san an ɗaura masa abin awo a damtse, an hura, an karanta lamba. To, akwai wani hawan jini dabam wanda abin awon nan ba ya iya gani. Mutum ya kan zo ɗakin magani yana haki, a auna damtsensa a tarar jininsa daidai, 120 bisa 80, alhali kuwa can cikin ƙirjinsa jini ya hau ƙwarai. Wannan shi a ke kira hawan jinin huhu.

Irin da za mu fi yin magana a kansa, watau wanda ya ke tasowa shi kaɗai ba tare da wata cuta ta jawo shi ba, ba shi da yawa. A ƙasashen da a ke ƙirga masu shi, cikin mutum miliyan ɗaya bai fi a sami sababbin masu shi 1 ko 2 a shekara ba. Kada wanda ya karanta takardan nan ya tsorata don ya yi haki jiya wajen huɗa. Amma dalili biyu ya sa ya kamata ku san shi. Na fari, alamunsa su ne alamun waɗansu cututtukan zuciya da huhu da ke cike da garuruwanmu, wanda ya koyi gane ɗaya ya koyi gane saura. Na biyu, ciwo ne mai ɓoyo. Har a ƙasashen da likitoci suka yi yawa, mai shi ya kan yi kamar shekara 2 yana fama kafin a gano abin da ke damunsa, a cikin shekarun nan kuwa zuciya lalacewa ta ke yi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ku da ke kwana gida ɗaya da mutum ku ne za ku fara ganin canji a jikinsa, tun kafin wani malamin asibiti ya gani.

Yadda zuciya ke aiki da huhu

In an yanka rago ko akuya, ku karɓi zuciyar daga hannun mahauci ku tsaga ta a gicciye, ku duba. Za ku ga gefe ɗaya namansa mai kauri ne, ɗaya gefen kuwa namansa sirara ne, kamar ba zuciya ɗaya ba. Ta mutum ma haka ta ke. Gefen hagu mai kaurin nan shi ke tura jini ko'ina cikin jiki, daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa, saboda haka aka yi shi da ƙarfi. Ƙarfin turawarsa shi mu ke aunawa a damtse. Gefen dama kuwa aikinsa ɗan kusa ne. Jinin da ya gama zaga jiki ya komo a gajiye, shi ya ke karɓa ya miƙa wa huhu, jinin ya sha iska a can, sa'an nan ya wuce gefen hagu. Mutum babba yana zaune kawai, jini wajen lita 5 ke bi ta huhunsa kowane minti.

Hanyoyin jini na cikin huhu masu taushi ne, masu faɗi, ba su wahal da zuciya. Da ma'aunin likitoci, ƙarfin jini a cikinsu wajen 14 ne ga mai lafiya. In ya haura 20 an ce ya hau. Da can sai ya kai 25 a ke cewa haka, amma a taron masana ciwon na 2018 aka kawo shawarar a sauko da lambar don a riƙa kama shi da wuri.

A wannan ciwo, ƙananan jijiyoyin jini na huhu su ke yin kauri daga ciki, hanyar ta tsuke, waɗansu ma su toshe. Mai lambu ya san abin da ke faruwa in bututun ban ruwa ya cushe da laka. Inji ya yi ta gurnani yana zafi, ruwa kaɗan ke isa kuyya, baya kuma ruwa ya taru. Haka gefen dama na zuciya. Da fari ya kan yi kauri don ya iya turawa, mutum bai san ana yi ba. Daga baya ya gaji, ya buɗe ya saki kamar tsohuwar salka. In kun riƙe wannan misali, duk alamun da za mu faɗa za ku ga inda suka fito: waɗansu don jini ba ya isa gaba ne, waɗansu don ya taru a baya.

Wa ya ke kamawa

Wani likitan Jamus, Ernst von Romberg, shi ya fara bayyana irin jijiyoyin nan a 1891, bayan ya duba gawar wani majinyaci. A 1951 wani likitan Amurka, David Dresdale, ya ba ciwon sunan da aka daɗe ana kiransa da shi, mai ma'anar hawan jinin huhu mai zaman kansa. Ya fi kama mata bisa maza. Lissafin da aka yi a Amurka cikin shekarun 1980 ya nuna yawancin masu shi matasa ne da masu matsakaicin shekaru, tsaka-tsakinsu shekara 36, amma yanzu ana samunsa ga tsofaffi ma, har da yara.

Ba a ɗaukarsa. Ku ci tare, ku sha a moɗa ɗaya, ku kwana ɗaki ɗaya, ba abin da zai same ku. Amma a waɗansu gidaje gado ne. A shekara ta 2000 aka gano ƙwayar halittar da ta fi jawo shi cikin dangi, kuma cikin waɗanda suka gaje ta wajen 1 cikin 5 ne ciwon ke fito musu. Saboda haka in an taɓa yin wani a zuriyarku da ya rasu da ƙuruciya bayan haki da kumburi, ku faɗa wa likita, ko bai tambaya ba.

Akwai kuma magunguna masu jawo shi. A 1965 aka fara sayar da wani maganin rage ƙiba mai suna aminorex a Suwizalan da Jamus da Ostiriya. Cikin 'yan shekaru masu ciwon suka yawaita a ƙasashen nan uku, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a kansa a Janiba a 1973. Aka sake yin irin wannan da wani maganin ƙiba, fenfluramine, wanda aka janye daga kasuwar Amurka a 1997. Ƙwayar maye da a ke kira metamfetamin ita ma tana jawo shi. Darasin a fili ya ke ga mai sayen ƙwayoyi a faranti ran kasuwa, ba takarda, ba suna.

Mu a nan, hawan jinin huhu ya fi zuwa ta bayan wata cuta. Tsargiya tana kawo shi, tun ba ta hanji da hanta ba, gama ƙwayayen tsutsar su kan bi jini su maƙale a huhu. Amosanin jini, watau sikila, yana kawo shi, haka cutar ƙanjamau, da tsohon tarin fuka da ya ci huhu, da ciwon ƙofofin zuciya wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara da ba a yi wa magani ba, da ciwon huhu na hayaƙin taba ko na murhu a ɗakin girki marar taga. Alamun duk iri ɗaya ne, rarrabe su aikin likita ne. Abin farin ciki, da yawa cikin waɗannan ana iya tare su tun da wuri. Ranar da aka zo raba wa 'yan makaranta maganin tsargiya, kada ku ɓoye 'ya'yanku.

Alama ta fari: haki

Ita ce babba, kuma ita aka fi rainawa. Kowa na haki in ya yi gudu. Wanda mu ke nufi shi ne haki a kan aikin da mutum ya saba yi bara ba tare da ya ji kome ba. Yarinyar da ta kan ɗauko tulu daga rijiya har gida ba tsayawa, yanzu sai ta sauke sau biyu a hanya. Matar da ta kan gama surfe ita kaɗai, yanzu in ta ɗaga taɓarya sau ashirin sai ta jingina da bango. Magidancin da ke kai kunya ƙarshe kafin ya miƙe, yanzu tsakiyar kunya ya ke tsayawa ya dafa fartanya. Ana tafiya kasuwa, kullum ita ce a baya, in an yi mata magana ba ta iya amsawa sai ta tsaya. Da ta zauna ta huta kaɗan sai numfashi ya komo daidai, ka gan ta garau kamar ba ita ba.

Wannan komowa daidai ita ke ruɗin mutane. Sai a ce lalaci ne, ko son jiki, ko ƙiba, ko kuwa don an yi mata kishiya ne ta ke langaɓewa. Ita ma don gudun gori sai ta yi shiru, ta riƙa rage aiki a ɓoye, ta aiki yara rijiya, ta bar zuwa biki unguwa mai nisa. In ka tambaye ta ko tana haki, ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba, gama ta bar yin duk abin da ke sa ta haki. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me ki ke yi bara wanda bana kin bari? Kai maigida, yi wa kanka wannan tambaya a kan iyalinka. A ganina rabin jinkirin da a ke samu daga nan ya ke, ba daga nisan asibiti ba.

Ku lura da tafiyar abin. Hakin nan ba ya zuwa yau ya tafi gobe. A hankali ya ke ƙaruwa, wata bayan wata. Likitoci sun kasa shi mataki 4. A na ɗaya ciwon na nan amma aiki bai gagara ba. A na biyu aikin yau da kullum, kamar daka ko hawan tudu, yana kawo haki. A na uku ko ɗan abu kaɗan, wanka ko share tsakar gida, ya isa. A na huɗu mutum na zaune ma yana haki. Yawancin masu ciwon sai sun kai na uku a ke gano su, alhali magani ya fi aiki ga wanda aka kama a na biyu.

Tare da haki akwai gajiya, irin wadda barci ba ya kawar da ita. Mutum ya tashi da safe kamar ya kwana yana dako.

Jiri, suma da ciwon ƙirji

In mutum ya motsa, jiki na neman ƙarin jini. Zuciyar mai lafiya ta kan ƙara ba da wuya. Ta mai wannan ciwo ba ta iyawa, gama hanyar huhu ta tsuke, sai ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Mutum ya ji jiri, ido ya rufe, wani har ya faɗi. Abin lura shi ne lokacin faɗuwar: ana cikin aiki ne ko an gama yanzu-yanzu, kamar hawan tsani zuwa bisa rumbu, ko jan guga, ko bayan tari mai ƙarfi. Ba ya daɗewa, ya kan farfaɗo da hankalinsa sarai.

A ƙauye in budurwa ta faɗi a bakin rijiya, maganar da a ke fara yi ita ce iska ta taɓa ta, ko farfaɗiya. A yi ta hayaƙi, wata ya wuce, wani ya shigo. Ku ji da kyau: suma a cikin aiki, ga yaro ko babba, alamar zuciya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce. Ko sau ɗaya ta faru, a tafi asibiti ran nan.

In wani ya suma gabanku, ku kwantar da shi, ku ɗaga ƙafafunsa bisa buhu ko matashi, ku sassauta masa tufafi, jama'a su ja baya ya sami iska. Kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo a baki, kada a yi masa hayaƙi. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi ya kwanta a gefensa, a nemi abin hawa.

Waɗansu kuma su kan ji ƙirji ya yi nauyi ko ya ɗaure in suna aiki, in sun huta ya saki. Waɗansu su ji zuciya na dukan uku-uku ko tana tsallake, abin da mu kan kira faɗuwar gaba, ba tare da wani abin tsoro ya faru ba.

Kumburi

Wannan alamar jinin da ya taru a baya ce, kuma in ta fito ciwon ya yi nisa. Ta kan fara daga idon sawu, ƙafa biyu duka, ta fi yawa da yamma, da safe ta ragu. Takalmi ya matse. Ga yadda za ku gwada: ku danna babban yatsa bisa ƙashin ƙauri, kusa da idon sawu, ku ƙirga zuwa goma, ku ɗaga. In rami ya zauna kamar an danna tuwo, ruwa ne. Daga nan kumburin ya hau gwiwa, ya hau cinya, ciki ya cika da ruwa. Hanta ta kumbura, mutum ya ji nauyi ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Ku dubi wuyansa yana zaune: jijiyoyin gefen wuya sun tashi sun cika, har ka ga suna motsi. Ga mai lafiya a zaune ba a ganinsu haka.

Kada a kai wa wanzami ƙafar nan. Ƙaho da tsaga da sakiya ba su fid da ruwan, gama tushensa a ƙirji ya ke, kuma fatar da ta kumbura in an yanka ta ba ta warkewa da wuri, sai ta zama gyambo.

Sauran alamu ba kowa ke samunsu ba. Akwai busasshen tari marar kaki. Akwai dishewar murya wadda ba mura, don babbar jijiyar huhu ta kumbura ta danne jijiyar murya. Wani lokaci a ga jini cikin tari. In iska ta yi ƙaranci cikin jini, leɓe da harshe su kan canja launi. Littattafan Turawa su kan ce fata ta yi shuɗi, amma ga baƙar fata ba a fuska za ku nema ba. Ku jawo leɓen ƙasa ku dubi cikinsa, ku dubi harshe da ƙarƙashin farce, da rana a waje. Maimakon ja, sai ku ga ya yi duhu ko toka-toka.

Abubuwan da ke kama da shi

Mai haki sau da yawa a kan ce masa asma ce. Amma asma tasowa ta ke yi ta lafa, ta fi tashi da dare ko da ƙurar hunturu, ana jin ƙirji na kuka kamar kyanwa, in an shaƙi magani ta sauka. Mai hawan jinin huhu ƙirjinsa shiru, aiki ke tayar masa, abin shaƙa kuwa ba ya yi masa kome. Wanda aka ba maganin asma wata da watanni bai ga sauƙi ba, ya koma ya ce a sake dubawa. Ba rashin kunya ba ne.

Tarin fuka yana zuwa da tari na fiye da mako 2, da kaki, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Rashin jini, wanda shi ne ya fi kome sa matan ƙauye haki, ana ganinsa a tafin hannu da cikin fatar ido, sun yi fari fat, gwajinsa kuma ɗigon jini ɗaya ne. Kumburin ƙoda ya fi fitowa a fuska da safe. Wanda gefen hagu na zuciyarsa ya gaza ba ya iya kwanciya a miƙe, sai ya tara matasai, ya kan farka tsakar dare yana neman iska. Mai hawan jinin huhu kuwa galibi yana kwanciyarsa lafiya sai can ƙarshe. Mai jego da ta kumbura tana haki cikin watannin fari bayan haihuwa, akwai ciwon zuciya na jego, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa cikin shekarun 1970, suka ga yawan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon wuta na ƙara shi.

Ba don ku zauna gida kuna rarrabewa aka faɗi waɗannan ba. Ko wanne ne daga ciki, hanyar ɗaya ce.

Abin da za a yi a asibiti

Mu a ɗakin magani za mu iya auna damtse, mu ƙirga bugun zuciya da numfashi, mu duba rashin jini, mu aika da kaki a gwada. Inda akwai ɗan abin nan da a ke maƙalawa a yatsa, za mu ga yawan iskar da ke cikin jini, a zaune da kuma bayan an ɗan yi tafiya. Iyakarmu ke nan. In mun rubuta muku takarda zuwa babban asibiti, ba korarku muka yi ba.

A can za a ɗauki hoton ƙirji, a yi awon wutar zuciya, a ɗebi jini. Gwajin da ya fi nuna ciwon shi ne hoton zuciya da a ke kira eko. Irin na'urar da a ke duba mai ciki da ita ce, a shafa mai a ƙirji a ɗora, ba yanka, ba zafi. Ana yinsa a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos. Za a iya sa majinyaci ya yi tafiya minti 6 a baranda a auna nisan da ya ci. Tabbatarwa ta ƙarshe kuwa sai an zura wani siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciya, a auna ƙarfin jinin a inda ya ke. Jin haka da ban tsoro, amma aiki ne da aka daɗe ana yi. Wani likitan Jamus, Werner Forssmann, a jikinsa ya fara gwada shi a 1929, ya zura bututun ta hannunsa da kansa, kuma ya rayu har ya karɓi kyautar Nobel a 1956.

Kafin ku tafi, ku zauna ku tuna watan da abin ya fara, da aikin da ke tayar da shi, da ko an taɓa suma. Ku zuba duk magungunan da a ke sha a jaka ku tafi da su, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya. A tafi da wanda ke zaune da majinyaci, gama mai ciwo ya kan rage abin in ya ga likita, balle mace gaban namiji baƙo.

Magana ga mata da mazansu

Wannan wuri ku karanta shi sau biyu. Ciki yana ƙara jinin jikin mace da kusan rabi, duk kuwa ta huhun nan mai tsukakkiyar hanya zai bi. Zuciyar da ke fama da ƙyar ba ta iya ɗaukar wannan kaya. A lissafin da aka yi kafin a sami magungunan yanzu, wajen mace 3 cikin 10 masu wannan ciwo da suka ɗauki ciki ba su tashi ba, yawanci wajen haihuwa ko cikin kwanakin da ke biye. Manyan asibitoci sun rage wannan, amma har yanzu shawarar likitoci ita ce wadda aka tabbatar tana da shi kada ta ɗauki ciki. Magana ce mai nauyi a gidan da a ke jiran 'ya'ya, na sani. Maigida, kai ne za ka tsaya mata gaban dangi, kada a bar ta ita kaɗai da gorin uwar miji. Ku je tare likita ya zaɓa muku hanyar tsarin iyali, gama ba kowace ƙwaya ce ta dace da ita ba.

Wadda kuwa ta riga ta sami ciki, tana haki fiye da kima, ko ta suma, ko leɓenta ya yi duhu, kada ta jira ranar awo. Haihuwarta kuma ba ta gida ba ce, kome gwanintar ungozoma.

Magani da zaman gida

Ba a sami maganin da ke warkar da shi sarai ba tukuna, amma an yi nisa. A lissafin Amurka na shekarun 1980, rabin masu ciwon ba su kai shekara 3 ba bayan an gano shi. A 1995 aka yarda da maganin farko na musamman, epoprostenol, wanda a ke ɗurawa ta jijiya dare da rana. A 2001 aka sami ƙwaya mai suna bosentan, a 2005 sildenafil, a 2024 kuma wata allura mai suna sotatercept. Yanzu a kan haɗa biyu ko uku, mutane da yawa suna shekaru masu yawa suna harkokinsu. Waɗansu cikin magungunan nan suna da tsada ƙwarai kuma da wuyar samu a ƙasarmu, sildenafil shi ya fi sauƙin samu.

A nan sai an yi hattara. Sildenafil ɗin nan shi ne dai a ke sayarwa da sunan maganin ƙarfin maza. Kada wani ya ji haka ya je ya saya wa matarsa a kanti. Awon ba ɗaya ba ne, ga wanda hakinsa na gefen hagu na zuciya ne ko na huhu yana iya ƙara masa ciwo, in kuma ya gamu da wani maganin ciwon ƙirji jini ya kan faɗi warwas. Bosentan kuma yana lalata ɗan tayi, yana taɓa hanta, sai ana gwada jini kowane wata. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya yanke don ya ji sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare. Tun saura na mako guda a fara neman wani, gama yankewa farat ɗaya tana iya tayar da ciwon fiye da da.

Za a ba da maganin sa fitsari don kumburi. Ku taimake shi da rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Uwargida ta ɗebi miyar majinyaci kafin ta zuba su. A ɗauke masa ɗaukar kaya da daka da jan ruwa, amma kada a kwantar da shi kamar gawa. Tafiya a hankali a fili tana da amfani, muddin yana iya magana yana tafe. A raba shi da taba da hayaƙin murhu, da wanka da ruwa mai zafi ƙwarai. Zazzaɓi ko mura mai sauka ƙirji a kai shi da wuri. Kafin tafiya a jirgin sama, ko zuwa wuri mai tudu irin Mambila, ko kafin a yi masa kowane irin aiki da za a sa shi barci, a shaida wa likita.

In akwai sikeli kusa, ko na mai sayen hatsi ne, ya riƙa hawa da safe ana rubutawa. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ba ƙiba ba, a koma asibiti. In kuwa ya suma, ko ya yi tarin jini, ko haki ya kama shi a zaune, ko ciwon ƙirji ya ƙi saki bayan ya huta, ko fitsari ya ragu ƙwarai, to, ba a jiran gari ya waye. Ku ajiye lambar wayar mai mota ko mai babur na garinku a rubuce cikin katin asibitin, katin kuma a wurin da kowa a gidan ya sani.